Direban da Hannunsa Ke Sama Tun Bara

A ɗakin jiran likita, wata matashiya ta dinga kaɗa ƙafa har matar da ke gefenta ta gaji.

"Ƙanwata, bencin nan fa ba kwale-kwale ba ne."

"Yi haƙuri, Yaya. Likita ya ce abu biyu suka haɗu mini: otizim mai son komai a tsare, da rashin natsuwa. Wannan na shara, wancan na watsawa."

"To me kike iya gamawa?"

"Babu! Ci gaban wani fim nake rubutawa a intanet, don nishaɗi. Wani direba da ya fito sau ɗaya na ɗauka, na yi masa dangi, har launin safarsa na sani. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ƙofar masoyiyarsa ke nan, wani labarin ya faɗo mini. Tun bara hannunsa na sama."

Matar ta juyo gaba ɗaya. "Mai koriyar safa?"

Ƙafar ta tsaya cak.

"Ashe ke ce! Kullum sai na leƙa. Ciro wayarki. Ko likita ya kira ki, sai kin sauke wa bawan Allah hannu!"