Wayar Baba Ta Daina Gane Shi

LADO: Salamu alaikum. Mahfuza?

MAHFUZA: Wa alaikumus salam. Baba, kai ne da wayar Inna? Ina kwana?

LADO: Lafiya lau. Ya garin Safana, ya maigidan naki?

MAHFUZA: Lafiya ƙalau. Ya mutanen Karare? Ya aikin gyaɗa?

LADO: Da godiya. Yaran fa?

MAHFUZA: Suna makaranta. Baba, layin ba kyau, maganarka na zuwa da nauyi.

LADO: Ni kuwa ina jin ki sarai. Wayar nan da yayanki Surajo ya kawo mani ce ta ɓaci. In na buɗe da lambobi, kafin in kira mutum ta sake kullewa.

MAHFUZA: Ai haka aka yi ta. Muddin tana hannu tana lura da fuskarka, da riƙonka, da yadda kake latsawa. In ta ji baƙon hannu sai ta kulle.

LADO: To ni ne baƙon? Shekara guda muna tare.

MAHFUZA: Ko wani ya taɓa ta?

LADO: Ba kowa. Da hagu dai nake riƙe ta yau.

MAHFUZA: Me ya sami daman?

LADO: Nauyi ya yi tun asuba. Cirar gyaɗa ce. Buta ma suɓuce mani ta yi wajen alwala.

MAHFUZA: Fuskar ma ba ta gane ba?

LADO: Ko kusa. Yanzu zan kai ta Batsari wajen mai gyara.

MAHFUZA: Baba, don Allah ba Inna wayar.

LADO: Ke dai da... Tasalla, ungo.

TASALLA: Mahfuza, kin tashi laf...

MAHFUZA: Inna, kin kalli bakinsa yau?

TASALLA: Ya ɗan karkace gefe guda. Na ce ko kwanciya ce.

MAHFUZA: Ba kwanciya ba ce. Haka ya fara wa surukina kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Tsoro nake ji, Inna. Wayar lafiyarta lau, Baba ne ba lafiya. A samo mota a kai shi asibiti yanzu, kada a jira azahar.

TASALLA: Innalillahi. Ke, katin ya kusa ƙarewa.

MAHFUZA: Zan kira ki. Kada dai ki bari ya hau babur.

TASALLA: Ai ya riga ya fita da shi zaure, ga shi can yana tayarwa. Malam! Mal...