Buhunan Shinkafar Alhaji

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajiya Kulu daga Gwadangaji.

Ranar Asabar ni da maigidana muka kalli wani fim na miji maci amana. Mai shirya fim ɗin ya iya jan rai: matar tana laluben motar mijin, kiɗa ya tsaya cak, sai ga ɓoyayyiyar waya a hannunta! Alhaji ya ja tsaki ya ce, "Wanga sakarai ne, ai cikin buhun shinkafa ake ɓoye ta."

Na ce, "A wace makaranta ka koyi wannan?" Ya ce shayinsa zai huce.

Malam, Alhaji manomin shinkafa ne a Zauro, ɗakin ajiyarmu cike yake da buhuna, raina kuma tafasa yake. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in fara kwancewa daga na sama, ko daga na ƙasa?