Ƙunshin Bikina Ya Hana Ƙanwata Komawa Aji

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro baki ɗaya. Ni ce Hadiza, amarya daga Dandume.

A hutun nan aka yi bikina, ƙanwata Rabi ta yi ƙunshi kamar sauran 'yan mata. Ranar da ta koma makarantar kwana a Funtuwa, wata malama ta tsaya a ƙofa tana duba hannuwa. Masu jan farce suka kankare da reza, suka shige. Rabi kuwa aka ce ta koma gida sai lalle ya fita, ga jarrabawar gama makaranta ta matso.

Na je da kaina na durƙusa, na ce, "Malama, lallen farce ai ba ya fita sai sabo ya tsiro."

Ta ce, "Amarya, doka ba ruwanta da biki."

Mun dirza da toka da lemon tsami har yatsunta sun yi ciwo. A littattafan da nake karantawa, a daidai nan wani yake ɓullowa ya ceci yarinya. Mu har yau shiru.

Jama'a, wannan adalci ne? Don Allah ku faɗa mana wanda za mu kai wa kuka, kafin a zauna jarrabawa ba ita.