Mu Muka Roƙe Shi Ya Koma Aji

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe wakilin hukumar ilimi, shugabar makarantarmu, malamai, iyaye 'yan'uwana. Sai ku iyalan marigayi, Yaya uwar 'ya'yansa, da ke babbar 'yarsa da ƙannenki: sannunmu da wannan rashi.

Ni kafinta ne, shugaban ƙungiyar iyaye. An ce in yi magana da bakin kowa. Na so a ba wani, don abin da ke bakinmu yau ba mai daɗin faɗa ba ne.

Yara na kiransa Malam Bakin-Ƙofa. Tun da malamin aji huɗu ya yi ritaya ba a kawo wani ba, sai ya riƙa tsayawa a ƙofar da ke tsakanin aji huɗu da nasa aji biyar, ya ba waɗannan lissafi, ya juya ya biya wa waɗancan karatu. Mun sha dariyar sunan nan a gidajenmu.

Ya kasance mai sauƙin kai. Ya kasance bai iya cewa a'a ba, mu kuwa mun gane haka da wuri. Da aka hana bulala da korar ɗalibi, shi ya fara cewa doka ce mai kyau. An yi alkawarin turo mai ba yara shawara, har yau bai iso ba. Sai ya zama duk yaron da ya gagari malaminsa, "A kai wa Malam, shi ne mai haƙuri." Nawa ɗan yana cikinsu. Ran da ya fasa taga na zo da fushina, Malam ya tare ni, murya a dishe sai da na matso na ji shi. Ya ce, "Kafinta, ba mugunta ba ce. Bai iya karatu ba, kunyarsa yake ɓoyewa." Yau yaron nan shi ke karanta mini saƙo a waya.

Bara Malam ya ce zai ajiye aiki, likita ya ja masa kunne kan hawan jini. Muka yi ayari zuwa gidansa. Yaya, kin tuna. Kin kawo mana ruwa, kika tsaya jikin labule kika ce, "Don Allah ku bar mini shi. Mutumin nan ya daina barci, abinci ma sai na matsa."

Muka yi kamar ba mu ji ba. Muka ce, "Malam, kai ne uban yaran nan. In ka tafi, wa muke da shi?"

Ya ce, "Ba ƙin su nake ba. Gajiya na yi."

"Zango ɗaya kawai," in ji mu, "kafin a kawo wani."

Muka fito muna yi wa juna barka. Ofishin hukumar ilimi bai kai gidansa nisa ba, amma ba mu taɓa yin ayari zuwa can ba. Zangon ya wuce, wani ya biyo, har ranar da ya faɗi gaban allo, yara suka fito da gudu neman babba.

Ajali na Allah ne, mun sani. Amma kayan da ya ɗauka mu muka aza masa.

Ke 'yarmu, jiya muna jera kujerun nan wani a cikinmu ya ce, "Ai ta gama kwalejin malamai, ko za ta riƙe mana ajin kafin a kawo wani?" Har mun fara gyaɗa kai, sai muka kasa kallon juna. Ba za mu zo roƙonki ba. In kuma muka zo, kada ki buɗe mana. Ranka ya daɗe, wurinku za mu zo ranar Litinin, dukkanmu.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Yaya, ki yafe mana in kin iya; ba ma cewa sai yau.

Allah Ya ji ƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya ba shi hutun da muka hana shi. Amin.