Ranar da Inna Ta Mayar da Faranti

Mai girma shugaban wannan taro, manyan likitocinmu da ma'aikatan jinya, dattawan garinmu Malatya da limamanta, waɗanda suka ba da hanta da waɗanda suka karɓa, iyayenmu mata da ke can baya suna gadin tukwane, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina gode wa Allah da Ya sake tara mu a bana da ranmu da lafiyarmu. Ina gode wa masu shirya taro da suka miƙa mini lasifika, alhali sun san mai sayar da busassun 'ya'yan itacen mishmish in ya fara zuba sai an janye shi. Sunana Nurettin, kuma rabin hantata ga shi can zaune a sahun gaba, a cikin yayata Gulizar, yana hararata.

Magana ta farko: ƙauna ma tana ɓarna. Da likitoci suka ce hantar Yaya ta gaza, sai dashe, aka gwada jinina ya dace, aka ce in je gida in dawo don sauran bincike. Kun san halin ƙauyukanmu. Wanda zai shiga wahala, soja ne ko wanda za a yi wa tiyata, kowane gida sai ya ciyar da shi, kuma mayar da abincin maƙwabci zagi ne. Sai aka sa ni gaba. Gidan kawu kitsen jelar rago, gidan Gwaggo Fadime dunƙulen alkama da nama yana iyo cikin man shanu, gidanmu kuwa mahaifiyata Inna Zekiye na tsaye a kaina da baklawa, alkakinmu mai zaƙi da maiƙo: “Ci, ɗan nan! Hantar mutum biyu kake kiwo. So kake ka kai wa yayarka ramammiya?” Wallahi ban taɓa yin sadaukarwa mai daɗin wannan ba.

Magana ta biyu: likitan da ya ce muku a'a ba maƙiyinku ba ne. Da na koma, Dakta Nermin ta ɗauki hoton cikina, ta sa allura ta ciro ɗan abu daga hantar, ta duba. Ta ce, “Malam Nurettin, wannan hanta ce ko jelar rago? Ba zan yanka ka ba.” Raina ya ɓaci. Na ce, “Haba likita! Hantata ce, yayata ce, ina ruwanki?” Ta ce, “Hanta mai kitse ba ta kama aiki sosai a jikin wanda aka dasa wa, kuma guntun da zan bar maka zai iya kasa riƙe ka kafin ya sake girma. Ita ta zo mini da ciwo, kai ka zo da ƙafarka. Ba zan aika wa uwarku da gawa biyu ba. Je ka rage ƙiba, mu sake dubawa.”

Jama'a, ranar nan na ji tsoro. Idon Yaya ya yi rawaya, cikinta ya kumbura, lokacinta na ƙarewa, ni kuma da bakina na tare mata hanya.

Sai magana ta uku, wadda ita ce ta kawo ni: mai ba da hanta ba shi kaɗai yake bayarwa ba, da gidansu yake bayarwa. Liman ya yi sanarwa bayan Juma'a cewa kada a ƙara ba ni maiƙo ko zaƙi, sai ganye, ƙauyen da ya ƙibar da ni ya koma gadina. Bektas mai shayi ya ɓoye sukari, in na shigo sai ya ce, “Ga angon ganye ya iso!” Kawu ya hana ni hawa taraktarsa, sai dai in bi ta a ƙafa har gona. Amma Gwaggo Fadime ba ta yarda ba. Ta shigo da farantin baklawa ta dire a gabana, ta ce, “Ɗan kaɗan ba ya kisa.” Inna, wadda tun da ta haife ni ba ta taɓa barina na tashi da sauran wuri a ciki ba, ta ɗauke farantin nan, ta bi titi da shi a cike kowa na kallo, ta ajiye a ƙofar Gwaggo. Ta dawo tana share hawaye, ta ce, “A zage ni. Biyu na haifa, biyu nake so.”

Kitse ya narke, aka sake gwaji, aka yi aiki.

Don haka ina roƙonku, ku bari a bincika, ku bari a sake bincikawa, ko mai bayarwar siriri ne, don kitsen hanta ba a tumbi ake ganinsa ba. Kada ku matsa wa likita, kada ku matsa wa ɗanku, kuma don Allah kada ku yi kiwonsa!

Ɗazu da muka shigo, Inna ta bar tukunyarta, ta dafa kan Yaya, ta dafa nawa, ta ce, “Sun cika.”

Allah Ya cika wa kowace uwa da ke nan nata. Allah Ya ba masu jiran dashe lafiya, Ya tsare masu bayarwa, Ya yi wa hannun likitocinmu albarka, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.