Awarwaro Shida a Gaban Alƙali

Iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Ni ce Saratu, maman Rifkatu. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Shekara huɗu muka yi a Jidda. Maigidana Bulus makaniki ne a tashar jiragen ruwa. Daga baya ya buɗe shagon kayan mota, yana ɗaukar kaya bashi wurin manyan 'yan kasuwa. Ciniki ya tsaya, ni ban sani ba.

Wata rana ya shigo da ƙunshi. Awarwaron zinariya guda shida! Da kansa ya zura mini su.

Ya ce, "In an tambaye ki, kayan aurenki ne, daga gida kika zo da su. A ƙasar nan ba a taɓa zinariyar mace."

Na ce, "Baban Rifkatu, ni da aka kawo da kwalla biyu da tabarma?"

Ya ce, "Ke dai riƙe bakinki."

Na riƙe. Ba zan ɓoye muku ba, har daɗi na ji, don ban taɓa sa zinariya ba.

Bayan wata uku ya karye. Masu bashi suka kai ƙara, aka tsare shi. Alƙali ya ce ba zai fito ba sai an tabbata bai ɓoye dukiya ba.

Ni na ɗauka abin da ke shago kaɗai za su kwashe. Ashe baya ake komawa! Motar da ya sayar wa ƙanensa Ishaya, aka ce yaushe, nawa, me ya sa da araha haka? Aka warware cinikin, aka karɓe motar. Kuɗin da yake aika wa tsohuwarsa ta hannun alhazai masu komawa gida, shi ma sai da aka tono shi kamar ana tonon gyaɗa. Wannan dai aka bari, aka ce ciyar da uwa ba laifi ba ne. Sai aka ce a kira matarsa.

Cikin masu bin bashin akwai Baba Idrisa, tsoho Bahaushen Sudan mai sayar da shayi a ƙofar tasha. Ajiyarsa ta tsufa ya ba Bulus. Ya zo ƙofarmu a unguwar Bani Malik, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, yaya ƙarama?" Na miƙa masa ruwa, awarwaron suka yi ƙara. Ya dubi hannuna. Ya sha ruwansa, ya gode, ya tafi.

Tun ranar ban huta ba. Ina yi wa Rifkatu wanka, ƙara. Ina tuƙa tuwo, ƙara. Na naɗe su da tsumma, wallahi ina jin su! Cire su kuma ba dama, duk unguwa an gani.

Maƙwabciyata Hajiya Ummi, haihuwar Jidda ce, ta ce mini, "Ya binti, 'yata, ki sani. In kika ce naki ne, sai kin rantse, halas, shi ke nan. In kika ce shi ya saya, za su ce maha'inci ne, su ƙara masa zama. Ni dai ban ba ki shawara ba."

Ana gobe kotu, da tsakar rana, na hau saman gida shanya. Nan na durƙusa kan siminti mai zafi. Na ce, "Yesu, in na faɗi gaskiya na kulle mijina. In na yi ƙarya na cinye tsoho. Ban iya ba! Ka riƙe harshena kai." Ban ji murya ba. Ban ga komai ba. Na sauko da tsorona.

A kotu tafinta ya ce, "Tunda ke Kirista ce, za ki rantse da Allah wanda ya saukar da Linjila."

Bulus yana gefe, ya rame, yana kallona. Na buɗe baki in faɗi abin da na haddace. Ya ƙi fita. Sai na ga hannuna yana zare su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya maƙale, sai da ya ɗaye mini fata.

Na ce, "Shi ya saya. Bayan bashin."

Alƙali ya yanke hukunci. Ya ƙara wa Bulus kwana arba'in. Kwana arba'in, 'yan'uwa, Rifkatu tana nuna ƙofa tana cewa Baba! Aka sayar da zinariyar, aka raba, Baba Idrisa ya sami wani abu, ba duka ba. Sannan alƙali ya ce ba sauran abin ɓoye. Aka sake shi, aka soke iƙamarmu, wato takardar zama, aka sa mu a jirgi.

Ku yabi Ubangiji! Ya fito da mijina, ya tsare bakina daga rantsuwar ƙarya. Ba ƙarfina ba ne, ni da na je da niyyar yin ta.

Amma ban zo in yi muku ado ba. Ishaya ba ya amsa gaisuwata. Bulus yana cin abincina, yana zuwa sujada, amma bai taɓa ambatar Jidda a gabana ba. Ban san ko ya yafe ba.

Na gode wa Allah duk da haka. Duk wadda ke ɗauke da abin da ba nata ba, ki dogara gare shi, ki sauke. Ku kuma sa gidana cikin addu'a, don har yanzu ina jiran mijina ya dube ni. Amin.