Yarinyar da Ba Ta Fitowa a Hoto

A shagon mai ɗaukar hoto, wata dattijuwa ta zauna kusa da wata 'yar makaranta mai riƙe da takarda a ƙirjinta.

“'Yata, ke ce gabana a layi?”

“A'a, Mama, ki shiga. Firam ɗin saka hoto na zo saya. Ni ba na fitowa a hoto.”

“Kunya kike ji?”

“Ba kunya ba ce. Mahaifiyata aljana ce, ita na gado.”

“A'uzubillahi! Haka kike faɗa a bainar jama'a?”

“A da ɓoyewa nake yi. Ranar hoton aji, sai a ga gurbi a inda na tsaya, a yi ta yi mini dariya. Wani ɗan ajinmu ne ya ce tunda na'ura ta kasa, shi zai zana ni da fensir. Ga shi.”

“Kai, ke ce sak! Amma hancin ya ɗan karkace.”

“Tsoro yake ji, amma bai tashi ba sai da ya gama.”

“Son sa kike yi ke nan.”

“Ni ban ce ba!”

“Ai muryarki ta ce. Iyayenki sun sani?”

“Jibi zai zo gaishe da mahaifiyata.”

“Ita aljanar? Da ƙafarsa?”

“Da ƙafarsa, Mama. Tambaya ɗaya kawai ya yi mini: ta wane gefen ɗaki zai durƙusa, don kada ya juya mata baya.”